Injiniya Okwudili da Faifai Bakwai na 'Yan Roket

Okwudili ya sauka Aba da akwati biyu, da rigar sanyi mai gashi a wuya wadda ya ƙi cirewa har ƙurajen zafi suka feso masa, da kuma wani suna da ba wanda ya raɗa masa sai shi: Injiniya. Shekara tara ya yi a Hamburg ta ƙasar Jamus. In ka tambaye shi aikin me ya yi a can, sai ya dube ka da tausayi ya ce ko ya faɗa ba ganewa za ka yi ba, daga nan kuma ya zaunar da kai awa biyu yana faɗa. Injiniyan sauti ne shi. Akwai mawaƙan Turai, in ji shi, da ko tari ba sa yi a gaban makirfo sai sun tabbata yana ɗakin.

Sati uku da dawowarsa zama ya ishe shi. Ya gyara wa mai aski rediyo, rediyon ta daina magana. Ya je coci ya ce lasifikarsu tana zagin kunnensa, ya taɓa wata waya, ran nan da tsurar murya limamin cocin ya yi wa'azi. Ana cikin haka takarda ta zo wa Daa Ugonma daga Legas. A Aba, Daa ake ce wa babbar mace, Dee kuma babban namiji, don girmamawa.

Daa Ugonma matar ƙanin babansa ce, marigayi Lazarus, mawaƙin Ngwa Rockets, waɗanda kowa ke ce wa 'Yan Roket. Samari biyar ne da suka taso bayan yaƙin basasa, gashi kamar kwando, wando mai faɗin ƙafa, suna dukan jita har gilashin otal yana rawa. Faifai bakwai suka yi, duk ƙanana, irin mai waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ba su kai ga yin babban faifai ba, don sun watse a kan rigimar wanda zai riƙa zama a gaban mota. A duk Aba, wurin Daa Ugonma kaɗai bakwai ɗin suke cif, cikin gwangwanin biskit, naɗe da tsohon zane.

Takardar cewa ta yi wani kamfani yana so ya tattara waƙoƙin a faifai ɗaya. Okwudili ne ya karanta mata, tana zaune tana haɗa abacha, kwaɗon rogon nan nasu, a ƙofar gida.

"Kamfani?" ya ce, ya linke takardar ya cusa a aljihu. "Daa, ina raye? Kina da likita a gida za ki kai ciwo wurin baƙo?"

"Ban san likita ne kai ba. Rediyon mai aski har yau ba ta farfaɗo ba."

"Ba ta saba da hannun ƙwararru ba ne. Ki saurara. Saura wata guda Dee Lazarus ya cika shekara ashirin da rasuwa, ko? To, ran nan zan fito da duka waƙoƙin a faifan sidi guda, a ɗakin taron 'yan gari, a gaban kowa. Legas ma sai sun zo kallo."

Daa Ugonma ta goge hannu ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin. Ta daɗe tana riƙe da shi.

"Okwy, ni ba ruwana da kwali ko hoto. Abu ɗaya nake so. Ka ga na bakwai ɗin nan? Bayansa. Waƙar mai lemo. Ni ce mai lemon, a ƙofar otal nake da tirena lokacin da ya yi ta. Gidan rediyo ba su taɓa sa ta ba, garmahona kuma ya mutu shekara goma sha biyar ke nan. So nake in ji muryarsa yana kirana, ko sau ɗaya, kafin in bi shi."

"Daa, a Turai in za a tattara waƙoƙi, gaban faifai ake ɗauka. Baya ai cike gurbi ne."

"Ni ce cike gurbin?"

"A'a, a'a! An gama. Ki ɗauka ma kin ji ta."

Ya rungumi gwangwani ya fita da sauri kafin ta sake shawara.

Garmaho mai rai guda ne ya rage a unguwar, kuma na Dee Fidelis ne, makaɗin gangar 'Yan Roket, wanda yanzu faci yake yi a bakin mararraba. Okwudili ya same shi yana dukan taya da ƙarfe biyu, har lokacin da kiɗa a hannunsa.

"Dee, aron tsohon injin nan naka na zo."

"Ka yi me da shi, ɗan Jamus? Ka kashe shi kamar lasifikar coci?"

"Aiki ne na ilimi. Ba za ka gane ba."

Da ya ji don Ugonma ne, Dee Fidelis ya shiga ya jawo garmahon daga bayan tayoyi, ya hure ƙura. "Bel ɗin da ke juya shi ya ruɓe, sai ka nemo sabo. Sannan ka duba nan gefe, akwai wani ɗan maɓalli. Ƙananan faifai..."

"Dee. Dee! Shekara tara ina cikin maɓallai. Akwai ɗakin da na yi aiki, maɓalli dubu uku ne a ciki, ina gane kowanne da ido a rufe."

"To. Wannan ɗaya ne tak. Ka buɗe idon."

Abin da tsohon ya so faɗa ba wani dogo ba ne. Babban faifai juyi talatin da uku yake yi a minti, ƙarami arba'in da biyar, ɗan maɓallin nan shi ke zaɓa. A kan talatin da uku yake. Okwudili bai tsaya ji ba. Ya ɗauki almakashi ya yanko bakin wani tsohon tiyub ya ce ga bel, a Jamus ba a ɓarna.

A gida ya buɗe gwangwani ya ga ƙura a jikin faifan, ya girgiza kai. Ya tafasa ruwa, ya zuba garin sabulu, ya yi musu wanka ɗaya bayan ɗaya da soso. Ya jera su a kan kwanon rufin kicin da tsakar rana don su sha iska, ya sa rigar sanyinsa ya tafi ɗaukar hoton da za a buga a kwali.

Hoto ya ci awa uku, don sai da aka nemo masa abin sawa a kunne irin na masu aikin rediyo. Da ya dawo, sai ya tarar da Madam Philo, mai kitson da ke maƙwabtaka da su, tsaye a kan benci tana leƙen rufi, akuyarta a gefe.

"Injiniya, sannu da aiki. Ara mini kwano ɗaya in zuba gyaɗa."

"Wane kwano?"

Ya hau bencin. Faifai shida sun lanƙwashe sun yi baki sama kamar soyayyiyar ayaba. Na bakwai ne kaɗai ya tsira da ɗan tudu, don inuwar gwanda ta faɗo masa. Gumi ya keto masa ta cikin rigar sanyin.

"Haka ake so su yi," ya ce. "Sauti yana buɗewa."

"Ya buɗe kam. Har miya zai ɗauka."

Kafin Daa Ugonma ta dawo daga kasuwa ya zare gilasan tagarta, ya jera faifan a tsakaninsu a rana, ya ɗora buhun garin rogo, ya ga nauyi bai isa ba ya haye ya zauna. Gilashi biyu suka fashe, ɗaya ya ratsa buhu ya gaisa da shi ta baya. Ya yi tsalle da ihu cikin Jamusanci, gari ya watse a tsakar gida, akuyar Madam Philo ta shigo ta yi godiya. Amma faifan sun ɗan miƙe. In ka sa su a garmaho suna juyawa, sai dai allura tana hawa tana sauka kamar kwalekwale.

"Ina tagata?" Daa Ugonma ta ce da ta shigo.

"Na cire ne don sauti ya samu hanya."

"Me ya sa kake tsaye kamar wanda aka yi wa allura?"

"A tsaye ake aikin nan, Daa."

Ranar ɗaukar sauti ya kulle kansa a ɗaki da garmaho da wata rikoda mai kaset. Ya jona waya daga wannan zuwa wancan, ya ce yanzu sauti zai bi ta cikin waya tsaf, ba abin da zai shiga daga waje. Ramin da ya cusa wayar na abin sawa a kunne ne. Rikodar kuwa tana da ɗan makirfonta a goshi, a buɗe, tana jin duk abin da ɗakin ke ji, ɗakin kuma shi ne wanda ya zare wa gilasan taga.

Ya ɗora faifai na farko. Wata murya ta fito a hankali, mai kauri, tana jan kowace kalma kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Jita tana nishi. Ganga tana faɗuwa ɗaya, ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ta biyu.

Okwudili yana ɗan shekara takwas Lazarus ya rasu, bai taɓa zama ya ji waƙoƙin ba. Ya lumshe ido ya dafe ƙirji. "Kai! Wannan shi ne kiɗan rok. Nauyi!"

Madam Philo ta zuro kai ta inda taga take a da. "Wa ke yanka saniya a gidan nan ba a gaya mana ba?"

"Madam, ki koma ga kitsonki. Kunnenki bai yi makaranta ba."

"Naka da ya yi, ka ce ya taimaki saniyar nan, tana wahala."

Akuya ta goyi bayanta da kuka uku.

Yana kan na biyar wayarsa ta yi ƙara. Tobenna ne, abokin zamansa na Hamburg. Okwudili ya leƙa waje ya ga ba kowa, ya zauna da gefe ɗaya a kusa da rikoda, ya sake baki suka yi hira son ransu. Da na bakwai ya ƙare, kaset ma ya ƙare. Ya ɗaga faifan ya dubi bayansa, ya tuna Daa Ugonma, ya tuna kuma kasuwar da zai sayo wani kaset da nisa, gindinsa da ciwo. A Turai ai gaba ake ɗauka. In taro ya yi taro, tafi ya kaure, wa zai tuna da mai lemo?

Mai buga sidi a kasuwar Ariaria ya karɓi kaset ya ce bari ya ɗan saurara tukuna.

"Kul!" in ji Okwudili, ya dafe hannunsa. "Don ka haddace ka sayar? Rage murya gaba ɗaya. A kan idona za ka juya shi."

"Kai ka saurara, Oga?"

"Ƙwararre ba ya jin aikinsa sau biyu."

Aka buga ɗari biyu. A kwalin, hoton Okwudili ya ci kashi uku cikin huɗu, 'Yan Roket su biyar suna leƙowa ta ƙarƙashin hammatarsa.

Ran taro ɗaki ya cika tun kafin azahar. Tsofaffin da suka yi rawar 'Yan Roket a zamaninsu suka zo da sanduna da jikoki, wasu har sun tono wandon nan mai faɗin ƙafa, ko da yake ba ya rufuwa a ciki. Aka fasa goro, aka yi addu'a, bammi ya zagaya. Daa Ugonma na zaune a gaba cikin zane biyu da ɗaurin kai kamar jirgin ruwa, hannunta a kan cinya ba ya motsi. A kan tebur Okwudili ya ajiye garmahon da faifan bakwai don ado, jama'a su ga daga inda ya ceto tarihi.

Ya yi jawabin minti arba'in. Ya ambaci Hamburg sau goma sha tara, Lazarus sau ɗaya. Sannan ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a kan maɓalli.

Muryar ta fito daga manyan lasifika huɗu.

Tsofaffin da suka miƙe don rawa suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Wani jariri ya fashe da kuka. Shugaban taro ya waiga yana neman inda abin yake.

"Wane ne wannan?" Daa Ugonma ta ce.

"Dee Lazarus ne, Daa. Na fito masa da zurfin muryarsa."

"Lazarus ko a gadon asibiti bai yi wannan kukan ba."

Dee Fidelis ya miƙe daga baya. "Ni ne nake buga gangar nan? Ɗan Jamus, ko gawa aka ba sanda ai ta fi haka sauri!"

Sai ga wata murya tangaram daga lasifika, ita kam daidai take ba ja: "Wa ke yanka saniya a gidan nan ba a gaya mana ba?"

Madam Philo ta yi tsalle daga kujera. "Ni ce! Jama'a, ni ce! Na shiga faifai!" Akuya ta biyo baya da kukanta uku, ɗaki ya ɗauka. Wata tsohuwa ta yi dariya har ɗaurin kanta ya faɗa cikin abacha.

"Salo ne!" Okwudili yana ihu. "A Turai ana sa sautin gari a ciki! Bari ku ji na gaba!" Ya danna, ya danna, ya tsallake zuwa ta biyar. Saniya ta ci gaba da nishi, sai ƙarar waya, sai muryarsa shi kansa, garau, kamar yana zaune a cinyar kowa:

"Tobenna! Mutumina! Kai, bar ni kawai. Injiniya suke ce mini a nan, wallahi har coci. Ni ina na san injin? Wane maɓalli? Ni da shekara tara tsintsiya ce a hannuna a shagon faifan nan, ranar da na taɓa rikoda ai ka tuna abin da matar da ke da shagon ta yi mini. Kar dai ka gaya wa kowa. Kuma gilashi ya yanke ni a gindi, kwana huɗu a kife nake kwana..."

Okwudili ya daka tsalle kan na'urar yana danna duk abin da ya samu. Murya ta ƙaru. Ya fizge wata waya, fankar sama ta tsaya, Tobenna da tsintsiya suka ci gaba. Sai da shugaban taro da kansa ya taka ya kashe.

Can mai aski ya ce daga lungu, "Injiniya, in an tashi a taimaka a share mana wurin." Aka sake rushewa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Daa Ugonma ta juyo ta dube shi.

"Okwy. Tawa fa? Ko da muryar saniyar ce, sa mini."

"Daa... kaset ne ya... a Turai..."

Ta fara tattara jakarta. Nan dariyar ta mutu, don kowa a ɗakin ya san wace ce mai lemo.

"Zauna, Ugonma," in ji Dee Fidelis. Ya tako gaba yana ɗingishi, ya ture Okwudili da kafaɗa, ya jona garmaho da lasifika. Ya ɗaga na bakwai ya duba shi a haske, ya ja tsaki, ya kifa shi ta baya. Ya kama kunnen Okwudili ya sunkuyar da shi. "Ka ga wannan? Cikin dubu ukun naka akwai irinsa?" Ya tura ɗan maɓallin zuwa arba'in da biyar.

Injin ya ɗauki sauri, ya yi juyi biyu, bel ɗin tiyub ya tsinke ya tashi sama ya sauka a kofin shugaban taro.

"Shi ke nan," wani ya ce.

"Ba shi ke nan ba. Allura na da rai, lasifika na da rai. Mai juyawa kawai muka rasa, ga shi kuma Allah ya ba mu ƙato." Dee Fidelis ya laluba aljihu ya fito da wani tsohon sule, ya ɗora a kan allura don kada tudun ya jefar da ita. Ya kama yatsan Okwudili ya dasa a tsakiyar faifan. "Juya."

"Dee, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi jawabi. Juya!"

Ya zaro cokali biyu daga tiren abinci ya tsaya a bayansa. Okwudili ya fara juyawa. Saniya ta fara dawowa, cokali ya sauka a ƙeyarsa. "Sauri!" Ya ƙara, Lazarus ya koma kamar ɗan tsako. Cokali ya sake sauka. "Tsere ake? Bi hannuna!" Tsohon ya shiga buga kiɗan a kafaɗunsa, dama, hagu, dama-dama, hagu, daidai yadda ya buga shi shekara talatin da suka wuce. Yatsa ya bi cokali. Jita ta miƙe ta tsaya da ƙafarta.

Sai ga Lazarus. Murya siririya mai ɗan kaushi, ta saurayi ɗan ashirin da huɗu, tana rawa kaɗan duk sanda allura ta hau tudu, tana roƙon mai lemo ta ɓare masa ɗaya ko da mai tsami ne.

Daa Ugonma ta ajiye jaka. Ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta na motsi, ba ka ce kuka ne ko dariya ba. Sannan ta miƙe, ta ɗora hannu ɗaya a ka kamar mai riƙe da tire, ta fara takawa. Tsofaffi suka watsar da sanduna.

Da waƙar ta ƙare Okwudili ya zare yatsa yana hura masa iska, rigar sanyinsa ta jiƙe sharkaf.

"Daa, kin ji ta. Sau ɗaya kika ce."

"Na ce ko sau ɗaya. Kuma a lokacin ban san ina da injin a gida ba." Ta koma tsakiyar fili ta gyara ɗauri. "Fidelis, tayar da shi."

Sau tara aka tayar da shi. A na bakwai ya roƙi a bar shi ya canja hannu, aka sa ƙuri'a, aka ƙi.

Washegari Daa Ugonma ta zaro takardar Legas daga aljihun rigar sanyin da ke shanye a igiya, ta kai wa Dee Fidelis ya rubuta musu amsa: su zo, amma da sharaɗin gaba da baya za su ɗauka. Sidi ɗari biyun kuwa Madam Philo ta kwashe, tana raba wa duk wadda ta zo kitso, tana nuna musu daidai inda ita da akuyarta suke shigowa.

Okwudili ya kwana biyu bai fito ba. A na uku aka gan shi a shagon mai aski, yatsa naɗe da bandeji, a tsaye don har yanzu zama bai dawo ba, ya tara mutum huɗu.

"Arba'in da biyar a minti," yana cewa, yana ɗaga yatsan. "Ba ƙari ba ragi, sau tara a jere. Ku je Hamburg ku tambaya ko akwai injiniyan da ya taɓa yi da hannu."

Mai aski ya miƙa hannu bayan ƙofa, ya ɗauko tsintsiya, ya jingina masa a kafaɗa.